ƘWARIN DA KE RABA CUTA A LAMBUNANMU

Darasi domin taron ƙungiyoyin manoma na ekklesiya. A buɗe da addu'a, sa'an nan a karanta Farawa 2:8-15 da Littafin Firistoci 25:1-7.

Damina ta wuce, hatsi ya shiga rumbu, yanzu hankalin yawancinmu ya koma fadama da bakin rafi. A gidaje da yawa, kuɗin makarantar yara, da kuɗin asibiti, da baikon ran Lahadi, duk daga lambu suke fitowa. Abin da ya taɓa lambu kuwa ya taɓa gida duka.

A ƙauyukan da muke zagayawa, kuka ɗaya muke ji kowace shekara. Tumatir ya nannaɗe ganye, ya tsuke, fure yana zuba, ba 'ya'ya. Ganyen tattasai ya yi dabbare-dabbare. Mai lambu ya ƙara taki, ba canji. Ya ci bashin ƙungiya ya sayi maganin feshi, ya fesa sau huɗu ko biyar. Maganin ya ƙare, cutar tana nan, bashi kuma yana jiransa.

Darasinmu na yau a kan irin wannan cuta ne. Ga abin da muke so kowa ya riƙe: cutar ba ta da magani, ba ta kuma da ƙafa. Ƙwari ne suke ɗaukarta daga lambu zuwa lambu. Saboda haka tare ta ake yi tun ba ta shigo ba, mutum ɗaya kuwa ba ya iya tare ta sai da maƙwabtansa.

1. MECE CE WANNAN CUTA?

Cututtukan shuka ba iri ɗaya ba ne. Waɗansu funfuna ce ke kawo su, kamar cutar da ke ƙone ganyen dankalin turawa a Filato idan ruwa ya yi yawa. Irin wannan akwai maganin feshi da ke tare ta. Amma wadda muke magana a kai wata ƙwayar cuta ce dabam, masana suna kiranta bairus. Ƙyanda da shan-inna a jikin mutum, su ma bairus ne ke kawo su. Sai dai kada kowa ya tsorata, gama bairus na shuka ba ya kama mutum. Tumatirin da aka tsinka daga shuka mai cutar ana cinsa lafiya, illa dai ba shi da yawa, ba shi kuma da kyan gani a kasuwa.

Ƙanƙantar bairus ta wuce misali. Ko madubin da ake duba jini da shi a asibiti ba ya nuna shi. A shekarar 1892 wani masani a ƙasar Rasha, Ivanovsky, ya matse ruwan ganyen taba mai cuta, ya tace shi da matacin da ke tare ƙwayoyin cutar da aka sani a lokacin, ya shafa wa lafiyayyen ganye, sai ga shi ya kamu. A 1898 wani masanin ƙasar Holan, Beijerinck, ya yi irin wannan gwaji, ya ce lalle wannan wani sabon abu ne. Daga nan aka fara sanin bairus.

Idan bairus ya shiga shuka, can cikin naman ganye da jijiyoyin da ke kai abinci yake zama. Yana cin ƙarfin shukar yana hayayyafa, har ya gama jikinta daga saiwa zuwa toho. Maganin da aka fesa a bayan ganye ba ya kaiwa gare shi. Har wa yau ba a sami maganin da zai warkar da shukar da ta kamu a lambu ba. Duk wanda ya ce muku yana sayar da maganin warkar da nannaɗewar ganye, ku riƙe kuɗinku.

Amma bairus yana da rauni ɗaya. Ba ya tafiya, ba ya tashi, ba ya iya huda fatar ganye da kansa. Sai an ɗauke shi an kai shi. Kamar yadda sauro yake shan jinin mai zazzaɓi ya je ya ciji mai lafiya, haka waɗansu ƙwari suke shan ruwan shuka mai cuta su je su soki lafiyayya.

2. 'YAN DAKON CUTAR

Darɓa. Kowa ya san ta a dawa da wake da gyaɗa. Ƙananan ƙwari ne masu taushin jiki, waɗansu kore, waɗansu baƙi, waɗansu rawaya, suna taruwa a ƙarƙashin ganye da kan toho. Suna fitar da wani ruwa mai danƙo da zaƙi, shi ya sa kuke ganin kiyashi suna hawa suna sauka a jikin shukar. A ƙasarmu mai zafi darɓa ba ta jiran namiji, ba ta kuma yin ƙwai. 'Ya'ya take haifa da ransu, cikin kamar mako guda su ma sun fara haihuwa. Idan wuri ya cika, ko ganye ya tsufa, sai masu fiffike su fito, iska ta kwashe su zuwa wani lambu. Waɗannan masu fiffike su ne 'yan dako. Darɓa ce ke raba cutar dabbare-dabbaren ganyen tattasai da attarugu da barkono, wadda masana suka fara bayyana ta a Ghana a 1971. Ita ce kuma ke raba cutar dabbare-dabbaren kokwamba, wadda ke kama shuke-shuke fiye da iri dubu, har da kabewa da tumatir da tattasai. 'Yan'uwanmu na wajen Bokkos da Mangu, in kun ga irin dankalinku yana ƙanƙancewa shekara bayan shekara, sau da yawa aikin darɓa ne.

Farin ƙuda. Wannan ba ƙudan gida ba ne. Ɗan ƙaramin ƙwaro ne fari fat, tsawonsa kamar milimita ɗaya, watau bai kai ƙwayar gero ba. Ku girgiza tumatir ko kuɓewa da rana, in kun ga wani abu ya tashi kamar toka, shi ne. A ƙarƙashin ganye yake zama, nan yake ƙwai. Mace ɗaya takan yi ƙwai ɗari ko fiye. A lokacin zafi, daga ƙwai zuwa babba kamar mako uku ne. Sanyin hunturu da ruwan sama mai ƙarfi suna rage shi, zafin bazara yana ƙara shi. Shi ne ke raba cutar nannaɗewar ganyen tumatir da ta kuɓewa, da cutar dabbare-dabbaren ganyen rogo.

Ƙwaron ganyen kuɓewa. Ɗan ƙarami ne mai taurin baya, ja-ja ko baƙi mai sheƙi, yana tsalle kamar ƙuma. Shi ne ke huda ganyen kuɓewa da rama da yakuwa har su zama kamar rariya. Tauna yake yi ba tsotsa ba, amma bakinsa yana ɗaukar cutar dabbare-dabbaren kuɓewa.

Ƙwaron albasa. Siriri ne ƙwarai, yana ɓuya a tsakanin ganyen albasa, yana sa ganyen ya yi fari-fari. Shi da danginsa suna raba wata cuta da ke sa zobe-zobe a jikin tumatir da tattasai.

A cikin waɗannan huɗu, darɓa da farin ƙuda su ne suka fi yi mana ɓarna. Bari mu dube su da kyau.

3. ME YA SA FESHI BA YA ISA?

Nan ne zuciyar darasin. A karanta a hankali, in ya yiwu sau biyu.

Yawancin cututtukan da darɓa ke rabawa a lambu, a kan bakinta take ɗauke da su. Bakinta kamar allura yake. Idan mai fiffike ta sauka a kan ganye, ba ta fara sha nan da nan, sai ta ɗanɗana tukuna ta ji ko abincinta ne. Wannan ɗanɗanawa ba ta kai minti ɗaya ba. In ganyen mai cuta ne, bairus ya manne a bakin allurar ke nan. Ta tashi ta sauka a kan na gaba, ta sāke ɗanɗanawa, ta zuba masa. Daidai yake da allurar da aka yi wa marar lafiya, aka kuma yi wa mai lafiya ba a dafa ba.

To, ku duba lissafin. Darɓa ta gama aikinta cikin daƙiƙu kaɗan. Maganin feshi kuwa yana ɗaukar lokaci kafin ya kashe ta. Kafin ta mutu ta riga ta soki shuka biyu ko uku. Gobe kuma iska ta kawo waɗansu daga lambun maƙwabci. Da yawa cikinsu ma ba mazauna tattasai ba ne, matafiya ne, sun ɗanɗana sun wuce. Shi ya sa mai lambu zai duba bai ga ƙwaro ko ɗaya ba, ga cuta kuwa ta cika kunya.

Amma akwai labari mai daɗi. Abin da ya manne a baki ba ya daɗewa. In darɓa ta soki waɗansu ganyaye kaɗan, ko ta yi 'yan sa'o'i, bairus ya goge. In ta fara sauka a kan masara ko dawa ta ɗanɗana, ta wanke bakinta ke nan, cutar tattasai kuwa ba ta kama masara. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Farin ƙuda hanyarsa dabam ce. Shi haɗiyewa yake yi. Sai ya zauna ya sha kamar minti 15 zuwa 30 ko fiye kafin ya ɗauka. Bairus ya bi cikinsa, ya ratsa jikinsa, ya fito a yawunsa. Wannan tafiya takan ɗauki daga sa'a takwas zuwa kwana guda. Daga nan kuwa ya zama mai rabon cuta kusan dukan sauran kwanakinsa, watau mako biyu zuwa wata guda. Duk tumatirin da ya zauna ya sha a kai yana cikin haɗari.

Ga abin da yawancinmu ba mu lura da shi ba. Shukar da aka soka yau ba ta nuna alama sai bayan mako biyu ko uku. Ke nan tumatirin da ya nannaɗe mako biyu bayan dashe, da wuya in ba tun a wurin reno ya kamu ba. Da hannunmu muka ɗauko cutar muka dasa, muka ba ta ruwa da taki.

Har wa yau, yawan hasara ya danganta ga lokacin kamuwa. Shukar da ta kamu tana ƙarama ba za ta ba da kome ba. Wadda ta kamu bayan ta ɗaura 'ya'ya za ta ba da mafi yawan amfaninta. Saboda haka yaƙin duka a kwanakin reno yake, da wata na farko bayan dashe. Wanda ya tsare shukarsa a wannan lokaci ya ci rabin nasara.

4. YADDA ZA MU GANE TA

Ba kowane ganye mai rawaya ne yake da bairus ba. Kafin a tuge, a duba waɗannan:

Yunwar taki takan fara daga tsofaffin ganye na ƙasa, takan kuma kama fili guda bai ɗaya. In an sa taki, launi ya komo. Bairus kuwa a sabon toho na sama yake fara nunawa, ya kama wannan ya tsallake wancan, sau da yawa daga gefen lambu inda iska ke shigowa. Taki ba ya gyara shi.

A tumatir, sabbin ganye sukan yi ƙanana, gefensu ya yi rawaya ya lanƙwashe sama kamar cokali, shukar ta tsuke ta yi cunkus, fure ya zube. A tattasai da attarugu, ganye yakan yi kore mai duhu da kore mai haske a gauraye, ya yamutse, 'ya'yan su fito ƙanana a karkace. A kuɓewa, ko ganye ya yi dabbare-dabbare, ko ya nannaɗe jijiyoyinsa su yi kauri.

Zafin rana yakan sa tsofaffin ganyen tumatir na ƙasa su naɗe, amma launinsu kore ne, shukar kuma tana girma. Wannan ba cuta ba ce. Injin feshin da aka zuba maganin ciyawa a ciki ba a wanke sosai ba, shi ma yana murɗe toho. Tsutsar da ta cinye tumatir a Kano da Kaduna a 2016, wadda masu lambu suka sa wa suna Sharon, ita ma ba bairus ba ce. Ita hanya take haƙawa cikin ganye da 'ya'ya, ana ganinta da ido.

5. ABIN DA YA FARU DA WAƊANSU

Dattawa a cikinmu ba za su manta da shekarar 1975 ba. A wannan shekara kuturtar gyaɗa ta faɗa wa Arewa, ta lalata gyaɗa wajen hekta 700,000. Bairus ne, darɓa ce kuma ta raba shi. Ga farin da aka sha a 'yan shekarun baya, ga wannan annoba, noman gyaɗa bai komo yadda yake ba, dalar gyaɗa ta Kano ta zama labari. Ba feshi ne ya ceci gyaɗa ba. Shuka da wuri, da shuka kusa-kusa domin kada a bar fili tsirara, da iri mai jure cutar, su suka taimaka. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru, Zariya, ta fitar da irin gyaɗa masu jure kuturta, kamar SAMNUT 24 da aka saki a 2011.

A Jazira ta ƙasar Sudan, inda ake noman auduga da ban ruwa, an yi ta feshi shekara da shekaru. Zuwa ƙarshen shekarun 1970 sai farin ƙuda ya zama babban abokin gāban auduga a can. Maganin ya kashe ƙwarin da ke cinsa, shi kuwa ya saba da maganin. Yawan feshi ƙara shi ya yi.

A Bagineda, kusa da Bamako a ƙasar Mali, nannaɗewar ganye ta kusa hana noman tumatir. A tsakiyar shekarun 2000 masu lambu suka yarda a kan abu ɗaya: wata biyu a shekara ba mai barin tumatir ko tattasai a fili. Farin ƙuda mai ɗauke da cutar ya tsufa ya mutu, sabbin da aka ƙyanƙyashe ba su sami inda za su ɗauko ta ba. Aka haɗa da iri mai jurewa, tumatir ya komo. Dabarar ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Iyayenmu sun san dokar tuge karan auduga a ƙone bayan girbi.

6. AIKIN KOWANE MAI LAMBU

Na ɗaya, a rufe wurin reno. A kafa sanduna a lulluɓe da raga mai ƙananan idanu tun ran da aka zuba iri, a binne bakinta da ƙasa. A nemi mai lamba 50. Gidan sauro idonsa ya yi faɗi, farin ƙuda yana ratsawa, kuma an ba mu shi ne domin tsaron 'ya'yanmu. In ba a sami ragar ba, farin yadi mai shara-shara zai yi. Tumatir yakan yi mako uku zuwa huɗu a reno, tattasai biyar zuwa shida.

Na biyu, kada a yi reno kusa da tsohon tumatir, ko kuɓewa, ko auduga, ko wake. Da kaka, idan gonaki suka fara bushewa, ƙwari sukan nemi duk inda ɗanyen ganye yake. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, saboda haka reno ya kasance ta wannan gefe, tsohon lambu yana bayan iska.

Na uku, a zaɓi iri. Roma da UC82B, wanda masu lambu suke kira UTC, ba su jure nannaɗewar ganye. A duba jikin takardar iri, in an rubuta TY ko TYLCV, mai jurewa ne. Yana da tsada. Irin da aka rubuta F1 a kai ba a ajiye 'ya'yansa domin baɗi. Wanda yake ajiye irin gida ya ɗiba daga lafiyayyar shuka kaɗai. Haka ma karan rogo, da irin dankali, gama cuta tana binsu.

Na huɗu, a kewaye tattasai da attarugu da layi biyu ko uku na masara ko dawa. A shuka su mako uku zuwa huɗu kafin dashe, domin su riga su tashi. Su ne wurin wanke bakin darɓa.

Na biyar, a shimfiɗa busasshiyar ciyawa ko haki na shinkafa tsakanin shuka. Yana rage saukar ƙwari, yana kuma riƙe laima.

Na shida, a zaga lambu sau biyu a mako. Duk shukar da ta nuna alama a wata na farko, a tuge ta. A yi da sassafe lokacin da ƙwari ba su da kuzari. A kifa buhu a kanta kafin a tuge, a fitar da ita waje a binne ko a ƙone. Kada a yar a bakin kunya, gama ƙwarin za su tashi su koma kan lafiyayyu. Tuge shuka mai rai yana da zafi a zuciya, amma wake ɗaya ke ɓata gari.

Na bakwai, a nome ciyawa ciki da gefen lambu, musamman zaƙami da gautan kaji. Suna ɓoye cutar daga wannan shekara zuwa waccan.

Na takwas, a rataye tsinken jarka mai ruwan ɗorawa, a shafa masa man basilin. Darɓa mai fiffike da farin ƙuda suna son wannan launi. Ba zai ƙarar da su ba, amma zai faɗa muku ranar da suka iso.

Na tara, in feshi ya zama dole, a fara da darbejiya. A daka busassun 'ya'yanta rabin kilo, a jiƙa cikin ruwa lita 10 ya kwana, a tace, a sa ɗan sabulu, a fesa da yamma a ƙarƙashin ganye. Maganin kanti yana da amfani a kan farin ƙuda a makonnin farko, amma sai da shawarar malamin gona, a bi ma'auni, a riƙa canza iri, a kuma kiyaye kwanakin jira kafin tsinka. Ku tuna muna da abokai a lambu: gizo-gizo, da ɗan ƙwaron nan ja mai sheƙi mai ɗigon baƙi, wanda ya yi kama da ƙwarya a kife. Darɓa ce abincinsa. Feshi barkatai su yake fara kashewa.

Na goma, akwai wani bairus da ba ya bukatar ƙwaro, watau na taba. Hannu da wuƙa ne ke raba shi. A wanke hannu da sabulu kafin dashe ko yanke reshe, kada kuma a bar mai taba a hannu ya taɓa reno.

7. AIKIN ƘUNGIYA

Ko mutum ya yi dukan abubuwan nan goma, in maƙwabcinsa ya bar tsohon tumatir mai cuta a tsaye, wahalarsa ta ragu ne kawai, ba ta ƙare ba. Ƙwaro bai san iyakar gona ba. Ga abin da muke roƙon kowace ƙungiya ta zauna ta yanke:

Reno ɗaya na ƙungiya. Ragar da ta fi ƙarfin mutum ɗaya ba ta fi ƙarfin mutum ashirin ba. A sayo daga asusu, a sa mutum biyu masu kula su lura, a sayar wa membobi da dashe a kan kuɗi kaɗan. Zumuntar Mata ko matasa za su iya riƙe wannan aiki, ya zama musu abin samu.

Lokacin dashe ɗaya. Kowa ya dasa cikin mako biyu ko uku. In wani ya dasa a Nuwamba, wani a Janairu, wani a Maris, to an kafa wa cuta tsani, tana hawa daga tsoho zuwa sabo. Na ƙarshe shi ke kwashe ta duka, gama ya faɗa cikin zafi.

Ranar share lambu. Da an yi tsinkar ƙarshe, a tuge kome a ƙone ko a binne cikin mako guda. 'Yan tumatirin da ake jira su nuna a tsohon lambu ba su kai ɓarnar da suke jawowa ba.

Hutun wata biyu. A zaɓi wata biyu a shekara da ba za a bar tumatir, ko tattasai, ko attarugu, ko barkono a fadama ba. Kowane wuri ya dubi lokacin da ya fi masa sauƙi. A cikin watannin nan ana iya sa masara.

Masu zagaye. A zaɓi mutum uku su riƙa duba lambuna kowane mako, su yi magana da mai lambu cikin ladabi. Magatakarda ya rubuta ranar da aka fara ganin ƙwari da ranar da cuta ta bayyana. Bayan shekara biyu ko uku wannan littafi zai nuna muku lokacin dashe mafi kyau a wurinku.

Taimakon wanda ya yi hasara. In an ce gwauruwa ta tuge rabin lambunta domin lafiyar kowa, kada a bar ta ita kaɗai. A ba ta dashe kyauta, a ɗaga mata ranar biyan bashi. In ba haka ba, kowa ɓoye cutarsa zai yi.

Maƙwabta. Fadama ba ta 'yan ekklesiya kaɗai ba ce. Shugaba da dattawa su je wurin mai unguwa da sarkin noma, su bayyana musu, a kira kowa da kowa, Kirista da Musulmi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

8. ABIN TUNANI

A karatunmu na farko mun ga aiki biyu aka danƙa wa Adamu, aikin gonar da kuma tsaronta. Mu mun iya na farkon, gama ba wanda zai ce manomanmu ragwaye ne. Na biyun ne muke sakaci da shi. A karatu na biyu mun ga Allah ya umarci Isra'ilawa su bar ƙasa ta huta a shekara ta bakwai, dukansu tare. Dokar tana neman abu biyu, dogara ga Allah da amincewa da juna. Hutun wata biyu ma haka yake. Wanda ya bar lambu mai cuta a tsaye domin ribar kwando ɗaya, abincin 'ya'yan maƙwabcinsa yake ci. Ƙaunar maƙwabci ba a ɗakin sujada kaɗai take ba, har bakin rafi take kaiwa.

TAMBAYOYI DOMIN TATTAUNAWA

1. Me ya sa feshi ba ya warkar da tumatirin da ya nannaɗe ganye?
2. Mene ne bambanci tsakanin yadda darɓa take ɗaukar cuta da yadda farin ƙuda yake ɗauka?
3. Nawa kowannenmu ya kashe a kan maganin feshi bara? In an haɗa kuɗin, raga nawa zai saya?
4. Waɗanne watanni biyu ne suka fi dacewa da hutu a fadamarmu?
5. In ɗan'uwa ya ƙi tuge shukarsa mai cuta, yaya za mu bi da shi ba tare da faɗa ba?

AIKIN WANNAN WATA

Bayan taro, a tafi lambu mafi kusa gaba ɗaya. Kowa ya juya ganye goma ya duba ƙarƙashinsu, ya nuna wa na kusa da shi abin da ya gani. Kafin taro na gaba, a tsai da wurin reno, da ranar dashe, da sunayen masu zagaye, magatakarda ya aiko mana da su. In kun ga alamar da ba ku gane ba, ku sa ganyen cikin leda ku ɗaure, ku kai wa malamin gona na yankinku.

Ubangiji ya sa albarka ga aikin hannuwanku.